Kwalbar Zuma a Bakin Zaure

Jega Firchin,
ana saura 'yan kwanaki a kama azumi.

Zuwa ga ƙanwata Ramatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Baffa da duk mutanen gida a Karaye. Mu nan Jega lafiya lau. Raihana da 'yarki Umaima suna gaishe ku.

Na kira wayarki har na gaji. Isiyaku direba ne ya ce mini ta faɗa rijiya. Ban yi mamaki ba, dama ke da waya ba ku taɓa cika shekara tare ba. Tunda shi yana bin hanyarku da motar albasa, kuma masu kayan abinci ba a tare su, sai mu koma wa takarda kamar lokacin da nake makarantar kwana.

Kin dai ji halin da ake ciki da cutar nan ta korona. An rufe ofishinmu na Aliero, ƙungiya ta ce kowa ya yi aiki daga gida. Ni da na saba yawon gonaki ina duba rumbunan albasa, yau ga ni a ɗakin da ke jikin zaure, ni da kwamfuta. Daga safe zuwa la'asar taro ne da manyanmu na Abuja, muna ganin juna ta allo, in an tashi kuma sai rubuta rahoto. Shugabarmu, Madam Hope, ta ce in abin ya daɗe ba kowa za a riƙe ba. Kin ga ke nan ba wasa.

Amma ki zo ki fahimtar da mutanen Jega cewa mutum yana gida kuma yana wurin aiki! Da sun ga mota a ƙofa shi ke nan. Wannan ya zo gaisuwa, wannan a cika masa takarda, wancan hira ce kawai ta kawo shi, kuma kowa sai ya miƙo hannu. Jiya ina tsakiyar bayani maƙwabcinmu Sabi'u ya leƙo ta taga yana tambaya ko na ga akuyarsa. Har Abuja an ji. Ga ciwon baya saboda zama, ga muryata ta dishe don yawan magana, in na haɗiyi yawu kamar yashi.

Maganar zuwa gida kuwa, sai a yi haƙuri tukuna. An ce cutar ta fi kada tsofaffi, kuma mutum na iya ɗauke da ita bai sani ba. In ni na kai wa Baffa, ban san inda zan sa kaina ba. Na san ba zai tambaya ba, amma ki faɗa a inda zai ji.

Ga sabulu da takunkumin rufe hanci nan na ba Isiyaku. Ki matsa wa Baffa ya riƙa sawa in zai shiga mutane.

Ki huta lafiya.
Yayanki,
Mukhtar.

*

Karaye,
farkon azumi.

Yaya Mukhtar,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, ya ibada? Ka gaishe mini da amaryarmu Raihana, ka ja kunnen Umaima sau ɗaya don ni.

Su Yaya manya, ma'aikatan cikin ɗaka! Mu mata da muka shekara da shekaru muna aiki daga gida ba wanda ya taɓa tambayar bayanmu, kai daga zaman wata guda har an fara aiko da takardar koke. Mu ma firamarenmu a rufe take, na ajiye alli na koma tatsar nono da surfe. Akuyar Sabi'u kuwa ta sa ni dariya har da hawaye, Allah ya sa ba ta karya mini azumi ba.

Takardarka na karanta ta a tsakar gida da ƙarfi, kamar kaji nake karanta wa. Baffa yana gindin darbejiya yana tufka igiya, ya ba ni baya. Ka san hali. Kai ɗan fari ne, sunanka ba ya fita bakinsa, har yau «mutumin Jega» kake, kuma ko kusa ba zai nuna yana sauraron labarinka ba. Amma da na zo wurin da ka ce muryarka ta dishe, na ga hannunsa ya tsaya da tufkar. Ni kuwa na yi kamar ban gani ba.

Takunkumi ya karɓa. Da farko cewa ya yi, «Ni ɗan maraƙi na, da za a ɗaure min baki?» Da na ce mutumin Jega ne ya aiko, sai ya ninke shi ya sa a aljihu. Yanzu ko masallaci zai je sai ya sa.

To bari in bar wasa. Yaya, jikin Baffa ba ya yi mini daɗi. Ƙafafunsa suna kumbura, kuma daga gida zuwa garke sai ya tsaya a hanya ya huta. Ya rame, rigar da ka ɗinka masa bara ta koma kamar ta aro. Na yi maganar asibitin Maiyama, ya ce in ya kuskura ya yi tari a gabansu za su kulle shi a ɗaki shi kaɗai. Kawu Rufa'i ma ya yi magana, bai ji ba. Shi damuwarsa yanzu wai kanwar shanu ta ƙare.

Na fahimci tsoronka, kuma ba na cewa ba ka da gaskiya. Amma ka zo ko daga nesa ne. Ka tsaya a bakin darni da takunkuminka, ka durƙusa ka gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri kamar yadda ya saba, ka juya. Zumunci a ƙafa yake, Yaya, ba a cikin motar albasa ba.

Taka,
Ramatu.

*

Jega Firchin,
azumi ya raba tsakiya.

Ƙanwata Ramatu,

Assalamu alaikum, tare da fatan kuna shan ruwa lafiya. Na ga saƙonki, da tsiyar da ke ciki duk na karɓa.

Labarin Baffa ya tsaya mini a rai. Ki rage masa gishiri, in zai kwanta ki sa masa matashi a ƙarƙashin ƙafafu. Ki ci gaba da lallashinsa kan asibiti. Ni kuma in Allah ya yarda da an yi Salla zan zo, a lokacin mun miƙa babban rahoton da aikina ya rataya a kansa.

Ta wajen aiki kuwa, alhamdu lillahi, na samo bakin zaren. Bayan sallar asuba ina zagaya tsakar gida har sai na yi gumi. In na zauna na ɗan jima sai in miƙe in motsa jiki, kuma da la'asar nake rufe kwamfuta ko me ya rage. Ciwon bayan ya yi sauƙi. Murya ce dai har yanzu ba ta dawo ba.

Babban abin da ya cece ni doka ce na kafa. Na rufe ƙofar zaure ta ciki, na ce wa Raihana duk wanda ya yi sallama a lokacin aiki, ko wane ne, ta amsa daga cikin gida ta ce ba na nan. Na san za ki ce ƙarya da azumi a baki. Ni kuwa na ce ai ofis nake, wanda ke ofis kuma ba ya gida. Da farko mutane sun yi gunaguni, yanzu sun saba. Ga aiki na tafiya, ga ba mai miƙo mini hannu. Shekaranjiya Madam Hope ta yaba mini a gaban kowa.

Wani abin dariya. Ran kasuwar Jega da ta wuce, da na fito sallar la'asar sai na tarar da kwalbar zuma a kan dakali, daidai ƙarƙashin tagata. An toshe bakinta da totuwa, an ɗaure da shuɗin tsumma. Na tambayi maƙwabta, ba wanda ya san mai ita. Wataƙila wani ne cikin manoman albasa. A wannan zamani wa zai ci abin da bai san hannun da ya taɓa ba? Raihana ta sa leda ta ɗauke ta, ta ɗora a kan katanga rana ta dake ta. In ba a sami mai ita ba zubarwa za mu yi.

Ki gaishe da Baffa da Kawu Rufa'i.

Yayanki,
Mukhtar.

*

Karaye,
goman ƙarshe.

Yaya,

Salamu alaikum. Isiyaku yana jira a bakin hanya, ba zan tsawaita ba.

Kada ku zubar da zuman nan. Ka sauke shi daga katanga ka shigar da shi ɗaka. Kada ka tambaye ni dalili.

Baffa ya ajiye azumi. Ka san abin da wannan ke nufi ga mutumin da tun tasowarmu ba mu taɓa ganin ya sha ko ɗaya ba. Ba ya fita garke, salla ma a zaune yake yi. Mai duba marasa lafiya ya zo daga Maiyama, ya ce zuciya ce ta gaji, ba cutar zamani ba ce. Ya ba da magani, amma na ga fuskarsa da zai fita.

Duk motar da ta yi ƙara a hanya sai Baffa ya juya kai wajen ƙofa, sannan ya tambaye ni ko an ba maruƙa ruwa.

Ka bar maganar bayan Salla. Rahoto ba ya mutuwa, Yaya. Ka taho.

Ramatu.

*

Jega Firchin,
jajiberin Salla.

Ramatu,

Wa alaikumus salam. Wallahi da na karanta takardarki na sa an wanke mota, na ce gobe da sassafe sai Karaye. Da yamma aka kira ni.

Kwana uku kafin nan na je Aliero karɓo wasu takardu wurin abokin aikina Shadrach, muka zauna ofis ɗaya kusan awa guda. To an gwada shi an same shi da cutar. Ma'aikatan lafiya sun ce in killace kaina sati biyu, kada in kusanci kowa, balle tsoho mai ciwon zuciya. Wata biyu ina tsare kaina, fita ɗaya na yi.

Yanzu ina ɗakin zaure, nan nake kwana. Raihana tana ajiye mini abinci a bakin ƙofa ta koma. Umaima tana leƙo ni ta taga tana kuka, ta ɗauka fushi nake da ita. Ba na jin komai a jikina, amma ba ni da ikon in rantse. Wannan takardar ma ki bar ta a rana kafin ki buɗe.

An shigar da zuman kamar yadda kika ce.

Ki ce wa Baffa... ban san abin da zan ce ki ce masa ba. Shekara arba'in ba mu saba faɗa wa juna komai ba sai «ina kwana» da «lafiya lau». Wani lokaci ina zaune a ɗakin nan sai in ce wataƙila ke ce kawai kike ganin yana jirana. Tun da na gina gidan nan bai taɓa tako ƙofarsa ba. Na san al'ada ce, ban kuma taɓa riƙe shi da ita ba, amma tana da nauyi ga wanda ake yi wa. Ki ce dai ina gaishe shi, kuma da kwanakin sun cika a ranar zan taho.

Allah ya ba shi lafiya. Barkanku da Salla.

Mukhtar.

*

Karaye,
bayan sadakar uku.

Yayana Mukhtar,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baffa, ya sa ya huta, ya ba mu daurewa.

Kawu Rufa'i ya hau tudun makaranta, inda wayarsa ke kamawa, ya kira ka, don haka ka san ranar da lokacin. Da hantsi ne, kansa yana kan cinyar Kawu, da kalmar shahada a bakinsa. Kafin azahar an kai shi. Mutane sun tambaye ka, mun faɗa musu dalili, ba wanda ya ga laifinka.

Akwai maganar da ya hana ni faɗa maka, na kuma riƙe har ya tafi. Da na so in riƙe ta har abada. Amma ka rubuto cewa bai taɓa tako ƙofarka ba, kuma ba zan bar ka ka rayu da wannan ba.

Ya tako, Yaya.

Bayan na karanta takardarka ta fari, ya sa aka sauke amyar da ke kan tsamiyar bayan garke. Da hannunsa ya tace zuman. Ran kasuwar Jega ya ce zai je sayen kanwa. Na yi faɗa, na ce ga azumi ga rana ga ƙafafu, a aiki wani. Ya sa takunkuminka ya hau babur zuwa Maiyama, daga can ya shiga mota. Gab da magariba ya dawo, ba kanwa ba dalilinta. Ban gane ba sai da takardarka ta zo na ga totuwa da shuɗin tsumma. Tsumman nan daga tsohon rawaninsa ya yage shi, a gabana.

Da nake karanta takardar a tsakar gida, na tsallake maganar kwalbar. Daga baya na same shi shi kaɗai na ce, «Baffa, gidan Yaya ka je.» Sai ya ce:

«Na yi sallama, ɗiyar mutane ta ce ba shi nan.»

Na ce, «Ba sai ka ce kai ne ba?»

Ya dube ni kamar na yi saɓo. «In tsaya ƙohwar gida in ce ni ubanai na? Ina aka haka?»

Na fara kuka, na ce wallahi da ta san kai ne da ta fito da gudu. Sai ya yi murmushi. Ya ce, «Ke, ai na ji shi. Na zamna bisa dakali, ga taga nan bisa kaina. Turanci shikai da mutane, ba ko tuntuɓe, su ko sun yi tsit suna saurare. Sai da nij ji ya ishe ni kana nit tashi. Muryar dai ta dishe ƙwarai. Kak ki hwaɗa mai, shi ji kunya. A bar shi shi yi aikinai.»

Yaya, ba da fushi ya dawo ba. Ban taɓa ganin ya yi alfahari da wani abu kamar ranar ba, ko da saniyarsa ta haifi tagwaye.

Saura kwana ɗaya ya rasu, ina ba shi kunu, ya riƙe mini hannu ya ce, «Mutumin Jega ya sha zuman ga?»

Na ce, «Ya sha, Baffa. Muryar ta washe.»

Ya ce, «Madalla.» Bai ƙara tambayar komai ba, ko maruƙa.

Ƙarya na yi wa ubana a kan gadon mutuwarsa, kuma in aka maido ni wurin ita zan sake yi. Allah ya yafe mini. Kada ka yi wa Raihana faɗa, abin da aka ce ta faɗa ta faɗa.

Ƙanwarka,
Ramatu.

*

Jega Firchin.

Zuwa ga 'yar'uwata Ramatu,

Assalamu alaikum. Ya haƙurinmu? Allah ya gafarta wa Baffa, ya haskaka kabarinsa. Raihana ce.

Baban Umaima ya karanta takardarki, ya turo mini ita ta ƙarƙashin ƙofa. Bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi. Kwana biyu ke nan ina ɗauke kwanon abinci yadda na ajiye shi. Sakamakon gwajinsa ya fito, ba shi da cutar, amma bai buɗe kwamfutar ba, wayar ofis tana ta ƙara har ta gaji.

Ramatu, na tuna ranar. Ina tankaɗen garin kunu na ji sallama, murya ƙasa-ƙasa, irin ta wanda bakinsa ke rufe. Ya ce, «Mai gidan shina ciki?» Ko tashi ban yi ba. Daga inda nake na ce, «Ba shi nan.» Ya ce, «To, ba komi. Allah shi ba da lahiya.» Na ji ƙarar sanda a ƙasa, na ɗauka ya tafi. Umaima ta ce, «Umma, wane ne?» Na ce mata ba kowa.

Kin san in mun zo Karaye daga nesa nake durƙusawa, shi kuma kalma biyu yake amsa mini. Ban riƙe muryarsa ba. Amma wannan ba hujja ba ce. Tsoho ya yi sallama a ƙofata da tsakar rana, a gidanmu ba haka aka koya mini ba, ko baƙo ne sai an leƙa an shimfiɗa masa tabarma a inuwa. Kuma ni ce na sa leda na ɗauki kwalbarsa kamar ƙazanta.

Ba ni da fuskar da zan dube ki da ita. Ki yafe mini, ki roƙa mini Kawu. In kin ga ya dace ki rubuto wa yayanki, ke kaɗai yake ji.

Taki,
Raihana.

*

Jega Firchin,
ruwan fari ya sauka.

Ramatu,

Salamu alaikum. Kwanakin sun cika. Gobe in Allah ya kai mu muna tafe gaba ɗaya, ki ce wa Kawu ya jira ni ya raka ni maƙabarta.

Na fito da tebur cikin zaure, ƙofa a buɗe. Duk wanda ya yi sallama ni nake amsawa.

Yau da safe na zauna a kan dakalin, a ƙarƙashin tagar. Ashe komai ana ji daga nan. Na kwance tsumman na sa a aljihu, na cire totuwar, na sha cokali uku.

Ki daina neman gafara a kan maganar nan. Ba ƙarya kika yi masa ba, ni ne na makara.

Yayanki,
mutumin Jega.